Koriyar Wuta a Shagon Mai Gyaran Firij

(Kiɗan buɗe shiri)

Sannunku da aiki mutanen Birnin Gwari, na cikin gari da na Kuyello, Randagi, Kakangi, Dogon Dawa, Damari, da duk inda muryar nan ta kai. Shirinmu na yau na masu gyaran firij ne da firiza da esi, da yaran da ke koyon aiki a hannunsu. Amma mai sayar da ƙanƙara kada ka murɗa rediyonka, ke ma uwar gida mai ƙulla zoɓo da kunun aya ki matso, haka direban da ke kai mota a ɗura mata gas. Sau da yawa ku ne ke tsaye a kan mai gyara kuna cewa ya hanzarta, kuma abin da ya shaƙa shi kuke shaƙa.

Tun da Gwamna Uba Sani ya zo ya sake buɗe kasuwar kara a watan Nuwamba na 2024, bayan shekarun da ta yi a rufe, harkoki sun fara motsi. To a ƙasa mai zafi irin tamu, in harka ta motsa ruwan sanyi ake fara nema, a tasha, a kara, har wuraren haƙar zinari da ke cikin daji. Mai tsohuwar firiza a jingine zai karkaɗe ta. Wanda ba shi da ita zai sayo ta hannu daga Kaduna. Kuma duk firizar da ta sha gwagwarmayar hanyar nan a bayan mota, ko ba daɗe ko ba jima sai ta zo hannun mai gyara. Shi ya sa na ga lokacin wannan magana ya yi.

Abin da ke sa firij sanyi wani gas ne da ke zagayawa cikin siraran bututun jan ƙarfe, kwamfiresa na tura shi. Masu sana'ar sun san shi da lamba. Tsofaffin firij na da R-12. Esi na gida da yawa R-22 ne. Motoci da firij na tsakatsaki R-134a. Sababbin firij da firiza kuwa galibi R-600a. Lambar tana rubuce a jikin kwamfiresa ko a wata 'yar takarda a bayan firij. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Kafin a ƙirƙiro waɗannan, firij na aiki ne da gas irin su amoniya, kuma in ya tsiyaya a gida cikin dare yakan hallaka mutane. A shekarar 1930 wani injiniya ɗan Amurka, Thomas Midgley, ya tsaya gaban taron masana sinadarai, ya zuƙi sabon gas ɗin da suka haɗa ya cika huhunsa, sannan ya hura wa kyandir ya kashe shi. Nufinsa ya nuna cewa abin nan ba guba ba ne kuma ba ya kama wuta. Wannan gas shi ne R-12, wanda aka yi ta sayarwa da sunan Freon. Maganarsa gaskiya ce, amma rabinta ya nuna. Bai tsaya ya nuna wa jama'ar abin da ke samun gas ɗin ba idan wutar ta fi ƙarfinsa, ta ƙi mutuwa, ya ci gaba da ratsawa ta cikinta.

Abin da ke faruwa shi ne gas ɗin yana farfashewa. R-12 da R-22 suna ɗauke da sinadaran kulorin da fulorin. Da zarar sun haɗu da harshen wuta ko ƙarfen da ya yi ja, sai su rikiɗe su zama tururin asid iri biyu, ɗaya daga cikinsu ma har gilashi yake ci, tare da wata iska da ake kira fosjin. R-134a ba shi da kulorin, don haka ba ya ba da fosjin, amma yana ba da asid ɗin fulorin da wata 'yar'uwar fosjin ɗin wadda ita ma ba ta raga wa huhu. Wutar walda ta kabaid da oksijin zafinta ya kai digiri 3,000. Ba a ma bukatar kusa da haka kafin gas ya farfashe. Garwashin sigari ya isa.

Bari mu leƙa shago mu ga yadda abin ke kasancewa. Shago ne mai ƙofa ɗaya, ba taga, an jera matattun firij har rufi. An kawo firiza ta daina sanyi, mai ita na zaune a kan benci yana lissafin cinikin da ke wuce shi, ga azumi ya matso. Oga ya duba ya ce kwamfiresa ce. Ya fasa bakin bututu, gas ya yi tsiii ya fita, ƙara ta tsaya. Kowa ya ɗauka ya ƙare. Aka kwantar da firiza, yaro ya durƙusa ya riƙe bututu da filaya, fuskarsa ba ta fi taƙi biyu daga wurin ba, Oga ya kunna wuta ya ɗora a kan mahaɗa don ya narkar da tsohuwar walda. Sai wutar da take shuɗiya ta koma koriya shar. Wani wari mai yaji ya bugi hanci, ido ya kawo ruwa, yaro ya kau da kai ya yi tari biyu uku. Oga ya ce, «Kai, riƙe da kyau mana, yanzu za mu gama.»

Wannan koriyar wuta duk mai gyaran firij ya san ta. Kulorin ne ya haɗu da jan ƙarfe a cikin wuta, wato shaida ce cewa gas na ƙonewa a gaban hancinka. Daga ina ya fito bayan an sake shi? Daga man kwamfiresa. Man nan yana shanye gas ya riƙe, sai ya ji zafi yake amayar da shi. Ga kuma wanda ya maƙale a lanƙwasar bututu. Sannan wanda aka saki tun farko bai je ko'ina ba: waɗannan gas sun fi iskar da muke shaƙa nauyi sau uku zuwa huɗu, ƙasa suke kwanciya. Oga yana tsaye ko a sunkuye. Wa ke ƙasa? Yaro.

Fosjin ɗin nan ba baƙo ba ne a tarihi. Da shi aka yi yaƙi a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Sojojin Jamus sun sake shi a kan na Ingila a fagen daga na Beljiyam a watan Disamba na 1915, kuma mafi yawan waɗanda iskar guba ta kashe a yaƙin shi ya kashe su. Ba ina cewa shagon mai gyara fagen yaƙi ba ne. Abin da ke fita daga firiza guda kaɗan ne, kuma tururin asid ya fi shi yawa. Sai dai a ɗaki rufaffe, kaɗan ɗin ma ba abin rainawa ba ne. Warinsa irin na harawar da ruwa ya taɓa ta fara gumawa ne, ko na ɗanyar masara, wari ne da hancin manomi ba zai ɗauka da komai ba. Kuma kafin hanci ya ji shi, ya riga ya ninka adadin da aka yarda ma'aikaci ya zauna a ciki.

Yanzu ga inda nake so ku ba ni kunnuwanku duka biyu.

Tururin asid mai gaskiya ne. Yana narkewa a danshin ido da hanci da maƙogwaro nan take, ya yi maka zafi, ya kore ka waje. Fosjin kuwa ba ya saurin narkewa. Yana wuce maƙogwaro salin-alin ya gangara can ƙarshen huhu, inda ƙananan jakunkunan iska suke manne da jijiyoyin jini, ya lalata siririn bangon da ke tsakaninsu. Daga nan ruwa ya fara tsattsafowa daga jini yana taruwa a huhu, a hankali. Mutum zai fita waje, tari ya lafa, ya ce alhamdulillahi ya wuce. Ya ƙarasa aikinsa, ya yi magariba, ya ci tuwonsa, ya yi hira. Bayan awa shida, ko goma, ko kwana guda, wani lokaci har kwana biyu, sai ƙirji ya ɗaure. Numfashi ya koma sama-sama, kwanciya ta gagara sai zaune, tari ya zo da kumfa, wani lokaci kumfar da ɗan jaja-jaja, leɓɓa su yi duhu.

Ku lissafa da kanku. Aikin da aka yi da la'asar, ciwonsa tsakar dare zai tashi. A Kaduna ko Zariya, tsakar dare ɗaukar mota ne a tafi asibiti. A nan fa? Wanda ke Randagi ko Dogon Dawa, wa zai ɗauko shi a babur ƙarfe ɗaya na dare ya ratso daji? In kuma babban asibitin Birnin Gwari ya ce sai an wuce gaba, tsakaninmu da Kaduna fiye da kilomita 100 ne, ta Udawa da Buruku, hanyar da ba kowa ke son dare ya yi masa a kanta ba. Wannan ciwo da wannan hanya ba su dace da juna ba ko kaɗan. Don haka a wurinmu dokar ta fi ta kowa tsauri: wanda ya shaƙi hayaƙin koriyar wuta a ɗaki rufaffe har ya yi tari mai tsanani, ko ƙirjinsa ya yi nauyi, ko muryarsa ta dishe, a kai shi asibiti da sauran rana, ko da yana dariya yana cewa lafiyarsa ƙalau. Ya kwana inda akwai ma'aikacin lafiya da iskar oksijin. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kafin a kai shi, a fito da shi fili, a zaunar da shi ya jingina, a cire masa rigar da ta sha hayaƙi, a yi ta kwarara masa ruwa mai tsabta a ido kamar minti 15. Kada ya koma ya ƙarasa aikin, kada ya taka keke, kada ya tafi a ƙasa. Wahalar da jiki tana gaggauta taruwar ruwan. A ɗauke shi. In an je, kada a tsaya a kan «tari yake yi». A ce: «Mai gyaran firij ne, ya ƙona gas da wutar walda, ƙarfe kaza.» A ɗauki hoton lambar gas ɗin a waya a nuna. Fosjin ba shi da wani makari da za a ɗura wa mutum. Abin da asibiti ke yi shi ne sa ido, oksijin da taimakon numfashi har huhu ya farfaɗo, kuma wanda ya zo da wuri shi ke cin moriyar haka.

(Gajeren kiɗa)

Masu sauraro, in yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan hayaƙin da ke tashi idan gas ɗin firij ya haɗu da wuta.

Wancan ciwon na farko shi ne mai zuwa da ƙarfi. Akwai kuma mai zama, kuma ina jin shi ya fi yawa a cikinmu. A shekarar 1984 wasu likitoci a birnin Montiriyal na Kanada, ƙarƙashin Dakta Jean-Luc Malo, sun wallafa labarin wani ma'aikaci da suka tabbatar asmarsa daga gas ɗin Freon mai zafi take. Shekara guda bayan haka, 1985, Dakta Stuart Brooks da abokan aikinsa a Amurka suka bayyana wani nau'in ciwo: mutum lafiyayye, bai taɓa asma ba, ya shaƙi hayaƙi mai yaji da yawa sau ɗaya tak, cikin kwana guda tari da shessheƙa su fara, kuma su ƙi tafiya, wata uku, shekara, wani ma shekaru. Hanyoyin iskar huhunsa sun zama masu saurin fushi. Abin da da bai dame shi ba yanzu sai ya shaƙe shi: ƙurar hunturu, hayaƙin itace, turaren wuta, maganin sauro, sanyin asuba.

A wurinmu irin wannan mutum me ake ce masa? Sanyi ne ya kama shi, ai aikin firij yake. Ko a ce ƙura ce. Ko a fara raɗa cewa tarin fuka ne. Gwajin tarin fuka dai a yi shi, duk tarin da ya kai mako biyu ya cancanci gwaji, kuma kyauta ne a asibitocin gwamnati. Amma in gwaji ya nuna babu, kada a koma gida a zauna. Ka tambayi kanka: yaushe nake samun sauƙi? In ka lura ƙirjinka na sakewa lokacin hutun Sallah, ko da damina in ka bar shago ka tare a gona, sannan ka dawo aiki kwana biyu ƙugin ya dawo, musamman da dare, to ka gaya wa likita haka da bakinka. Likita ba zai san sana'arka ba sai ka faɗa, kuma layi na da tsawo, ba lallai ya tambaya ba. Akwai gwajin hura iska cikin na'ura da ke auna ƙuncin hanyoyin numfashi, wanda ake yi a manyan asibitoci irin na koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika.

Maganin asma na shaƙawa iri biyu ne, mai buɗe ƙirji nan take da mai kwantar da kumburi wanda ake shaƙa kullum. Mutanenmu na tsoron inhela, wai in ka fara ba ka dainawa. Ni abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ƙwayoyin da ake saya a kemis ba da takardar likita ba, irin masu sa kumatu su ciko, a yi ta sha wata da watanni. Suna kawo hawan jini da ciwon suga. Sannan duk maganin da aka ba ka, in kana komawa cikin hayaƙin kullum, ciwon ba zai bari ba.

Sai maganar madara. Na san da yawa cikin masu walda da masu gyara in sun sha hayaƙi sai su aika a sayo madarar gwangwani, wasu manja suke lasa. Jama'a, madara ciki take tafiya, hayaƙi huhu ya tafi, hanyarsu ba ɗaya ba ce. Ka sha madararka don daɗi. Haka takunkumin yadi ko irin na zamanin korona: ƙura yake tarewa, gas ratsa shi yake yi.

To me zai hana abin tun farko? Gas ya fita kafin wuta ta zo, kuma aikin wuta a yi shi a fili. Yadda ya kamata shi ne a zuƙe gas da injin zuƙa a tara shi a silinda. Wannan ne ma abin da Ofishin Ozon na Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya da ƙungiyar masu sana'ar ta ƙasa, NARAP, ke koyarwa, domin R-12 da R-22 suna cinye rufin iskar da ke tare mana mugun hasken rana. Saboda haka aka yi yarjejeniyar Montiriyal a 1987, aka daina shigo da R-12 Najeriya daga 2010, R-22 kuma ana janye shi sannu a hankali. Amma tsofaffin firij suna nan daram, duk da cewa na hannu suna cikin kayan da kwastam ta hana shigowa da su. Na san ba kowane shago ke da kuɗin injin zuƙa ba. A ganina nan ne ƙungiya ke da amfani: masu gyara biyar ko shida a gari ɗaya su haɗa kuɗi su sayi guda, ya fi kowa ya zauna yana cewa ya yi tsada.

Ko da inji ko babu, wasu abubuwan ba sa cin ko kwabo. Ja firiza waje ƙarƙashin rumfa, ka tsaya iska na bugun bayanka. Tsohuwar kwamfiresa, yanke bututunta da abin yanka bututu maimakon ka narkar da waldar da wuta. Nan ne mafi yawan koriyar wuta ke tashi. Buɗe bututu ta baki biyu, ka ba shi lokaci, in kana da naitirojin ka busa shi. Kada ka kuskura ka busa da oksijin ɗin walda, oksijin da mai in sun haɗu fashewa suke. Neman inda ke yoyo kuwa, ruwan sabulu da soso sun wadatar, kumfa za ta nuna maka; masu bin bututu da wuta suna jiran ta canza launi, guba suke dafa wa kansu. In kuma kana cikin aiki ka ga wuta ta yi kore, kashe ta, kowa ya fita. Mai firiza ya yi haƙuri da rabin awa.

Ku duba sauran wutar da ke kewaye ma. Mai shayi da murhunsa a bakin shago. Risho a ɗakin girki inda firiza ke yoyo. Abokin hira da sigari a baki. Injin mota da aka bari yana aiki ana sakin gas a gabansa, ya zuƙa ya ƙona ya fitar ta salansa.

Na ce za mu dawo kan lamba. In ka ga R-600a, labarin ya sauya: wannan ɗan'uwan gas ɗin girki ne. Ba ya ba da fosjin, amma yana kamawa da wuta. Wanda ya saba da tsofaffin firij ya kai masa wutar walda bai duba ba, gira da gashin baki ne mafi ƙarancin abin da zai rasa. Karanta takardar kafin ka kunna ashana, kuma ka koya wa yaronka karanta ta tun makon farko.

Oga, kai nake wa magana yanzu. Yaron nan amana ce iyayensa suka ba ka. Ba zai ce maka ƙirjinsa na ciwo ba, yana jin nauyinka, yana kuma tsoron a ce rago ne. Kai za ka tambaye shi. In kun sha hayaƙi da rana, kada ka sallame shi ya tafi ƙauye ya kwana inda ba wanda ya san abin da ya faru. Ka kai shi a duba shi, ka sanar da na gida. Ku ma 'yan gwangwan masu farfasa matattun firij don ciro jan ƙarfe, kuna cinna wa soson jikinsu wuta: a tsofaffin firij soson nan ma da irin wannan gas aka busa shi, kuma hayaƙinsa na da nasa dafin daban. Ku ɓamɓare shi da hannu, kada ku ƙona, balle a cikin unguwa.

Lokaci ya cim mana. Mai tambaya ya aiko ta lambar da za a karanta bayan kiɗa, ya faɗi irin aikin da yake yi da lambar gas ɗin da ya fi ɗurawa, za mu amsa a shiri na gaba in Allah ya kai mu.

(Kiɗan rufe shiri)